Yadda Ake Shiga Darasin Jami'a Ta Zoom

Sababbin ɗalibai masu karatu ta intanet sun dame ni da tambaya kan wannan. Zoom manhaja ce ta yin taro ko darasi ta bidiyo. Ga matakan:

1. Tun da dare ka cika wayarka da caji. Kada ka dogara da NEPA.
2. Sayi datar da za ta ishe ka, bidiyo ba ya tausayin data.
3. Duba lokacin darasi a shafin makaranta.

Hattara: in jami'ar a Ingila take, agogonsu yakan zo daidai da namu lokacin zafinsu, amma da hunturu suna baya da awa 1. Nan da yawa ke rikicewa.

4. Sauke takardun darasin ka karanta.
5. Zauna inda sabis ke da ƙarfi, nesa da hayaniyar yara.
6. Shiga minti 10 kafin a fara.
7. Sa sunanka na rajista. Malami ba zai san waye "Ɗan Hajiya" ba.
8. Kashe makirfo. In ka manta, ajin gaba ɗaya zai ji kana cinikin kayan miya.
9. Rubuta bayanan malam a littafi.
10. Tura aikin gida kwana 2 kafin wa'adi, don ranar ƙarshe shafin yakan cushe.