Yadda ake tura fayil daga waya zuwa kwamfuta da LocalSend ba tare da data ba

LocalSend manhaja ce ta kyauta da wani mai haɗa manhaja ya fara shi kaɗai a 2022, daga baya masu sa kai suka shigo suna taya shi. Babu talla a cikinta, ba ta neman lambar waya ko imel, kuma tana aiki a Android, iPhone, Windows, Mac da Linux. Wanda ya saba da Xender ba zai sha wahala ba.

Ka sauke ta a kan na'urorin biyu: ta waya daga Play Store, App Store ko F-Droid (wani rumbun manhajojin Android na kyauta), ta kwamfuta daga shafin localsend.org. Ka guji kwafin da ake yawo da shi a WhatsApp, ba ka san abin da aka cusa masa ba.

Sharaɗin guda ɗaya ne, dukkansu su hau Wi-Fi ɗaya. Idan babu, kunna hotsfot na wayar Android ka haɗa kwamfutar da shi. Fayil ɗin ba ya bi ta intanet, don haka ba ya cin data.

Buɗe manhajar a ɓangarorin biyu. Kowace na'ura za ta samu suna na wucin gadi, yawanci sunan 'ya'yan itace da Turanci. Ka shiga Settings ka canza shi, misali "Wayar shago", don kada ka tura wa wani bisa kuskure. Sai ka danna Send, ka zaɓi hoto, bidiyo ko folda guda, ka taɓa sunan kwamfutar, a can kuma a danna Accept. Kayan za su sauka a foldar Downloads.

Inda aka fi samun cikas shi ne na'urorin su ƙi ganin juna. Manhajar tana bi ta ƙofa mai lamba 53317, kuma katangar tsaro (Firewall) ta Windows kan toshe ta idan an yi wa Wi-Fi ɗin rajista a matsayin Public. Mayar da shi Private, ka kuma ba manhajar izini lokacin da Windows ta tambaya. A iPhone, sai ka kunna mata izinin Local Network. VPN ma yana hana ta, kashe shi tukuna. Wi-Fi na otal da na makaranta kuwa galibi an saita su ne yadda baƙi ba za su ga juna ba. A nan kada ka ɓata lokacinka, koma kan hotsfot. In har yanzu shiru, duba lambar IP (adireshin na'ura a kan Wi-Fi) a shafin Receive na mai karɓa, ka rubuta ta da hannu a shafin Send na mai turawa.

Idan bidiyo mai nauyi yana jan ƙafa, sa hotsfot ɗin a 5 GHz maimakon 2.4, ka matso da wayar kusa. Zaɓin Quick Save yana karɓar fayil ba tare da tambaya ba, to a gida kawai ya dace ka kunna shi, ba a shagon caji ba.