Yadda za ka karɓi kuɗinka lafiya in ka bada hayar makin taimshiya

Ƴan uwa na Agege da Idi-Araba masu makin taimshiya na Marriott ko Wyndham a Amurka (wato makin da ka saya da ke ba ka damar kama ɗaki a otal-otal ɗinsu duk shekara), in za ka ba wani haya kar ka yarda da hoton alat, buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun zauna tukuna. Ku rubuta ranaku da farashi da wa zai ɗauki asara in an fasa. Karɓi rabi, ka kama ɗakin da sunansa, ya kira otal ɗin ya tabbatar sannan ya cika sauran. Wanda ya turo fiye da kuɗin yace maido masa canji kuwa, wallahi ɗan damfara ne, kuɗin da ya turo maka da farko janye su za a yi. Makon da ka samo ta musayar RCI (kamfanin da masu taimshiya ke musayar makonninsu ta hannunsa) ma dokarsu ta hana bada hayarsa fa.