Kurakuran da ake yi wajen auna girman da'irar ɓoye bayanai mara nauyi

Jama'a, masu harhaɗa da'irar ɓoye bayanai don ƙananan na'urori irin su katin RFID (katin da ake karantawa ta siginar rediyo) da sensa, akwai abin da ke damuna sosai. Mutum zai zo da lamba yana cewa da'irarsa ƙarama ce, in ka bincika sai ka ga ainihin injin ɓoyewar kaɗai ya auna, ya bar hanyar da bayanai ke shiga da fita. A gasar zaɓen tsarin ɓoye bayanai mara nauyi da NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ta yi, wadda tsarin Ascon ya ci a 2023, ƙungiyar jami'ar George Mason ta fitar da tsari ɗaya na haɗi, wato hanyar shiga da fitar bayanai, don kowa ya bi, akwai ƙofar saƙo, ƙofar mabuɗi daban, ƙofar fitarwa, da sashen da ke karanta kan saƙo kafin ya miƙa wa injin, da kuma sashen da ke shirya amsa. Duk waɗannan suna cin wuri. In injinka ƙato ne ba za ka ji ba, amma irin su TinyJAMBU, wani tsarin da ya shiga gasar, da cikinsa bit 128 ne kawai, kayan haɗin za su iya cinye kaso mai tsoka. To ka kawo lamba biyu, da haɗi da kuma babu haɗi, ka rubuta wace ce wace.

Sai maganar FIFO, wato layin ajiya. Mutane na barin zurfinsa yadda suka same shi, alhali kowane bit da ka ajiye rijista ce, wato ƙaramar ma'ajiya a cikin da'irar, kuma rijista ta fi ƙofar NAND, ƙaramin tubalin da ake auna girman da'ira da shi, cin wuri nesa ba kusa ba. Wani ma FPGA ɗin (guntun da ake iya sake tsara da'irarsa) sai ya tura layin cikin RAM ɗinsa, rahoton LUT (tubalan da ake ƙirga girma da su a FPGA) ya fito tsaf, wurin da layin ya ci yana can a ɓoye, ranar da aka koma ASIC (guntun da aka ƙera don aiki ɗaya tak) sai a sha mamaki. Rage zurfin daidai da buƙata, ka duba adadin RAM a rahoton.

Faɗin ƙofa ma haka, tsarin George Mason ya yarda da bit 8, 16 ko 32, don me za ka zaɓi 32 injinka yana tauna bit 8 a zagaye?

Kuma don Allah a daina kwatanta LUT na FPGA Artix-7 da na FPGA ECP5, na farko shigarwa 6 gare shi, na biyu 4. In kana so ka kwatanta da aikin wani, sake haɗa nasa a kan na'urarka da manhaja iri ɗaya da saiti iri ɗaya, sannan ka yi magana.