Lee Van Cleef da ire-irensa: kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin 'yan wasan ƙananan finafinai

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san fuskar Lee Van Cleef ko da bai riƙe sunansa ba: ƙananan idanu, hanci mai lanƙwasa, kallo irin na wanda ya riga ya yanke maka hukunci. Amma in an tashi ba da tarihinsa, kusan kullum daga 1965 ake farawa, shekarar da darakta Sergio Leone ya kai shi Turai. Shekaru 13 da ya yi yana aiki kafin nan sai a dunƙule su a jimla ɗaya, a ce "ya sha wahala a ƙananan finafinai". Daga wannan dunƙulewar sauran kurakuran suke tsirowa, kuma ba shi kaɗai ake yi wa ba. Haka ake yi wa yawancin 'yan wasan da suka ci abinci a Hollywood tsakanin 1945 da 1965 ba tare da sunansu ya hau saman fosta ba.

Mu fara da abin da ake kira ƙaramin fim. A shekarun 1930 da 1940, wanda ya sayi tikiti ɗaya a sinimar Amurka yawanci finafinai biyu yake kallo: babba mai taurari, da wani gajere na minti 60 zuwa 70 da ake haɗawa da shi, wato fim ɗin B. Babban ana raba kuɗin ƙofa ne tsakanin kamfani da mai sinima. Ƙaramin kuwa yawanci kuɗin haya tsayayye ake biya, ko ya yi farin jini ko bai yi ba. To furodusan da ya san iyakar abin da zai shigo masa, dole ya matse abin da zai kashe. Shi ya sa kamfanoni irin su Republic da Monogram da PRC suke gama ɗaukar fim cikin mako ɗaya ko biyu, su maimaita tufafi, su maimaita dawaki, su koma kan duwatsun bayan garin Los Angeles da aka riga aka gani a finafinai barkatai. Mai cewa duk fim ɗin da aka yi a haka shirme ne bai kalli Detour ba, wanda darakta Edgar Ulmer ya yi wa PRC a 1945, wanda kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa cikin finafinan da za a adana a 1992.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne kasa bambance ƙaramin matsayi a babban fim da babban matsayi a ƙaramin fim. Fim ɗin Van Cleef na farko, High Noon na 1952, babban fim ne da ya ci kyautar Oscar huɗu, har da ta Gary Cooper. A ciki Van Cleef ɗaya ne daga yaran bos, Jack Colby, kuma bai furta ko kalma ɗaya ba, duk da cewa fuskarsa ce ta farko da ake gani. Haka ya sake fitowa a yaron bos a The Man Who Shot Liberty Valance na John Ford a 1962, inda John Wayne da James Stewart suke gaba. Amma a It Conquered the World, wanda darakta Roger Corman ya yi da kuɗi ƙalilan a 1956, shi ne masanin kimiyyar da ya gayyato wata halitta daga duniyar Zahra, labarin a kansa yake juyawa, maganarsa ta fi ta kowa nauyi. Dodon abin dariya ne, babu musu. Van Cleef kuwa ya yi wasansa da gaske kamar an ba shi fim ɗin miliyoyi. Gyaran a nan mai sauƙi ne: duk fim ɗin da za ka ambata, faɗi abu biyu, girman fim ɗin da girman rawar da mutumin ya taka a ciki. In ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya, mai karatu zai ɗauki hoton da ba daidai ba.

Sai batun talabijin, wanda ake yawan kwatanta shi a matsayin faɗuwa, wai kasuwar ɗan wasa ta mutu shi ya sa ya koma can. Abin da ya faru daban ne. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da kamfanin Paramount da takwarorinsa. Hukuncin ya hana su tilasta wa masu sinima sayen finafinai a dunƙule, kuma ya kai ga raba manyan kamfanoni da gidajen sinimar da suka mallaka. Da wannan, tabbacin kasuwar da ƙaramin fim yake da shi ya tafi, aka fara sallamar 'yan wasan da ke kan kwantiragi. A daidai lokacin talabijin yana shiga gidaje, yana neman shirye-shirye masu kashi 39 a shekara. Ma'aikatan da suka saba da sauri su ne suka dace da wannan aiki, sai suka kwashe kayansu suka koma. Kamfanin Republic ya daina yin finafinai kafin 1960, alhali shirin kaboyi na Gunsmoke, da ya fara a 1955, ya yi shekara 20 ana nuna shi, kashi 635. Van Cleef ya bi wannan hanya kamar kowa: The Lone Ranger, The Rifleman, Bonanza, Gunsmoke, Perry Mason, The Twilight Zone. Aikin kamar na magini ne mai bin gini-gini, yau nan gobe can, a biya shi na kwanakin da ya yi.

Akwai tarko a nan ga mai ƙirga ayyuka. In ka ga sunan mutum sau huɗu ko biyar a shiri ɗaya, kada ka rubuta cewa yana cikin taurarin shirin. Baƙon ɗan wasa yakan fito a ɗan fashi a wannan kashi a harbe shi, bayan wata shida ya dawo da wani suna a sake harbe shi. Duba sunan da aka ba shi a kowane kashi kafin ka yanke. Ɗan wasa Dick Miller ma a fim ɗaya na Corman, Apache Woman na 1955, ya fito a Ba'indiyen Amurka, wato ɗan ƙabilun asalin ƙasar, ya kuma fito a mutumin gari, don babu kuɗin ɗaukar mutum biyu.

Wani lokaci ma talabijin ce ta ɗaga mutum. Beverly Garland, wadda ta fito a matar Van Cleef a fim ɗin dodon nan, ita ce ta jagoranci Decoy a 1957, shirin 'yan sanda na farko a Amurka da mace take gaba. William Boyd kuwa, bayan finafinai 66 da ya fito a kaboyi Hopalong Cassidy, ya sayar da kadarorinsa ya sayi haƙƙin mallakarsu, ya kai su talabijin a 1949, ya yi arzikin da sinima ba ta taɓa ba shi ba.

Boyd ɗin ne ya kawo mu kan zancen kuɗi, domin shi daban yake. Mutane kan ɗauka cewa tunda ana ta maimaita tsohon fim a talabijin, ɗan wasan yana kwance kuɗi na shigo masa. Sai a 1960, bayan yajin aikin ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin shugabancin Ronald Reagan, aka amince a riƙa biyan kuɗin maimaici idan an nuna fim ɗin sinima a talabijin, shi ma ga finafinan da aka yi daga 1960 zuwa gaba. Na baya ba su shiga ba, sai dai kamfanoni sun zuba wani kuɗi a asusun fansho da lafiya. Ke nan duk abin da Van Cleef ya yi a sinima a shekarun 1950, kuɗin ranar nan ne kawai. Da ya yi mummunan hatsarin mota a ƙarshen shekarun, gwiwarsa ta lalace har hawan doki ya zame masa wahala, aiki ya ragu, babu wani tsohon fim da ya riƙe shi. Da zane-zane yake taimaka wa kansa lokacin da Leone ya neme shi. Saboda haka kada ka auna arzikin ɗan wasa da yawan finafinansa.

Fosta da bangon kaset ma ba abin dogaro ba ne. Jack Nicholson 'yan mintuna ya yi a The Little Shop of Horrors na 1960, amma da ya zama tauraro sai masu sayar da kaset suka riƙa manna fuskarsa a bango kamar shi ne jarumin. Jerin sunayen da ke cikin fim ɗin kansa ya fi, duk da cewa shi ma yakan yi tuntuɓe. A Gone with the Wind na 1939, George Reeves ya fito a Stuart Tarleton, amma a rubuce aka sa shi a matsayin ɗan'uwansa Brent.

Tunda an ambaci Reeves: mutum uku ake cakuɗawa. George Reeves shi ne Superman na talabijin daga 1952 zuwa 1958. Steve Reeves mai ƙirar ƙarfi ne da ya fito a Hercules a Italiya. Christopher Reeve, wanda sunansa ba shi da harafin ƙarshe irin nasu, shi ne Superman na 1978. Babu dangantaka tsakaninsu. Labarin da ake yaɗawa cewa George ya diro daga bene yana zaton zai tashi sama ƙarya ce. Harbin bindiga ne ya kashe shi a gidansa ranar 16 ga Yuni, 1959, hukuma ta ce shi ya harbe kansa, wasu kuma har yau suna ja. In za ka rubuta, rubuta hukuncin hukuma, ka ce akwai masu ja, ka tsaya nan. Haka The Lone Ranger, shirin kaboyi mai rufe fuska, ba Clayton Moore ne a bayan takunkumin fuskar a duk shekarun shirin ba, John Hart ya karɓe shi na zango guda daga 1952 kafin Moore ya dawo.

Ko sashen tarihin Van Cleef da kowa yake ganin ya sani, akwai gyara. Cikin finafinan kaboyi uku da Leone ya yi da Clint Eastwood, ba ya cikin na farko, A Fistful of Dollars na 1964, Gian Maria Volonté ne bos a can. A For a Few Dollars More na 1965, Kanar Mortimer da ya fito a matsayinsa ba mugu ba ne, abokin tafiyar Clint Eastwood ne mai neman fansar 'yar'uwarsa. Sai a The Good, the Bad and the Ugly na 1966 ya zama bos, kuma wani mutum ne daban, ba Mortimer ne ya lalace ba. Shekarun ma a kula da su: finafinan nan uku duk a 1967 suka isa sinimun Amurka, shi ya sa za ka ga wani ya rubuta 1965 wani ya rubuta 1967 a kan fim ɗaya. Ɗauki shekarar da aka fara nuna shi a ƙasar da aka yi shi, in kuma ta wata ƙasa ka yi amfani da ita, ka ambaci ƙasar.