Yadda ƙaramin gari zai tsarkake ruwan ƙazanta kafin ya shiga Nilu

Gari irin Mai Wurno a Sudan yana bakin Nilu mai shuɗi, sama da madatsar Sinnar, don haka duk abin da aka zuba a kogi daga nan, sai ya isa magudanan noman Jazira da Wad Madani. Ga irin wannan gari, tafkuna jere sun fi injin da ke cin wutar lantarki, domin akwai fili, kuma zafin ranar Sudan shi ne yake yin mafi yawan aikin.

A zaɓi wuri a tudun da ambaliyar watan Agusta ba ta kaiwa, aƙalla mita 200 daga gidaje, ta gefen da iska ba za ta kwaso wari cikin gari ba. A bakin shiga a kafa ragar ƙarfe, tsakanin sanduna kamar milimita 25, ta tare leda da tsumma. Bayanta a yi 'yar kwata mai faɗi inda yashi zai kwanta. Kullum a kwashe su, bayan habubu, wato guguwar ƙura, kuma a ƙara dubawa.

Tafki na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, ruwa ya kwana ɗaya zuwa biyu a ciki. A nan kauri yake zama ƙasa ya ruɓe, fiye da rabin ƙazantar ta tafi. Misali, in mutum 10,000 ne, kowa yana zubar da lita 80 a rana, ke nan kubik mita 800, sai a haƙa mai ɗaukar 1,600, wato ruwan kwana biyu. A haƙa biyu, domin idan laka ta ci sulusin zurfi dole a rufe ɗaya a yashe shi, galibi bayan shekara biyu zuwa biyar. Da rani ake yi, a shanya lakar ta bushe sarai.

Tafkin mataki na biyu mai faɗi ne, zurfin mita 1.5, ruwa ya yi mako ɗaya zuwa uku. Gansakuka ce ke ba shi iska. Launinsa shi ne ma'auni: kore shar lafiya ke nan. In ya koma toka-toka ko ja-ja yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kaya sun yi masa yawa. Sau da yawa laifin tankar yashe masai ne da ta juye kai tsaye a cikinsa, ko jinin mahauta, ko baƙin man gareji da ya rufe fuskar ruwa ya tare rana. Tanka wurinta tafki na farko. Baƙin mai kuwa kada ya shigo ko kaɗan.

Sai ƙananan tafkuna biyu ko uku masu zurfin mita 1, kowanne kwana uku zuwa biyar, rana ta kashe ƙwayoyin amai da gudawa, ƙwan tsutsar ciki kuma ya nutse.

Baƙar ƙasar wannan yanki tana riƙe ruwa in tana jiƙe, amma in ta bushe sai ta tsattsage. Kada a bar tafki fanko ba dalili. A daddale gefen da dutse ko siminti daidai inda ruwa yake tsayawa, a bar rabin mita a sama, a riƙa cire ciyawa, don a cikinta sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya suke samun mafaka. A kewaye wurin saboda yara da dabbobi.

Daga Fabrairu zuwa Mayu kogi yana ja baya, ba shi da ruwan da zai sirka ƙazanta. A lokacin gara a karkatar da ruwan ga itatuwa, auduga ko abincin dabbobi. In kayan lambun da ake ci ɗanye ne, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce kada ƙwayoyin najasa su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma ɗaya a lita. Mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ta riƙa kai samfur ɗakin gwaji kowane wata, daga bakin fita, da sama da ƙasan wurin da ruwan yake faɗawa kogi.