Kurakuran da ke sa tikitin jirgi ya yi mana tsada a Sakkwato

Bara, saura kwana uku a ɗaura auren ɗiyar amininsa a Abuja, kawuna ya kira ni ya ce, "Ɗana, duba mini jirgi." Da na faɗa masa farashi sai ya yi salati. Ya san ranar ɗaurin auren nan tun wata guda, bai motsa ba sai da tafiya ta zo wuya. Wannan shi ne kuskuren da muka fi yi. Kamfanoni suna kasa kujerun jirgi ɗaya kashi-kashi, na araha ake fara sayarwa, in sun ƙare a hau na sama. Jiragen da ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III kuwa ba su da yawa a rana, don haka kujerun araha ba sa daɗewa. Da zarar ka san ranar tafiya, ka saya, musamman gabanin Sallah da ƙarshen Disamba. In kana da hali, gwada matsar da tafiyar zuwa tsakiyar mako ka ga ko farashin zai sauka.

Masu Umara ma haka. Kowa yana son goman ƙarshe na azumi, kowa kuma sai azumin ya kama yake neman tikiti. Wanda ya saya tun Rajab ba ya biyan abin da na Ramadan yake biya.

Akwai kuma ruɗin ƙaramin farashi. Mutum zai ga tikitin Jidda daga Kano ya fi sauƙi, ya biya nan take, bai lissafa kuɗin mota ta Gusau ba, da kwanan masauki, balle halin da hanyar take ciki. Wani tikitin kuma arahar tasa ta rashin kaya ce: sai a wurin awo za a ce ka biya kuɗin kowane kilo da ya ƙaru, ga dabino ga tsaraba. Ka tara duka tukuna, sannan ka kwatanta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sayen tikiti biyu daban-daban, Sakkwato zuwa Abuja, sannan Abuja zuwa waje, ya bar awa biyu kacal a tsakani. Mu da muka san hazon hunturu a garin nan mun san jirgi yakan yi jinkiri ko a soke shi gaba ɗaya. In ka makara, kamfani na biyu ba ruwansa, tikitinka ya tafi. Tsakanin Disamba da Fabrairu gara ka isa Abuja tun ana gobe.

Suna ma yana cin kuɗi. Fasfo ya ce Muhammad, an rubuta Mohammed a tikiti, ko an saka Alhaji a gaba. Gyara ba kullum yake zama kyauta ba. Ka buɗe fasfonka ka kwafa harafi da harafi, ka kuma duba ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare.

Sai batun ejan. Da yawansu mutanen kirki ne, amma na taɓa tura wa wani kuɗi ya turo mini takarda ta WhatsApp, na je filin jirgi aka ce kujera kawai aka riƙe, ba a biya ba. Ranar a tashar mota na ƙare. Tun daga nan ba na barin ejan sai ya ba ni lambar buki (booking, wato lambar kama kujera) mai haruffa shida da lambar tikiti mai alƙaluma 13, in shiga shafin kamfanin a wayata, a gabansa, in ga sunana da idona.