Kafin ka sauya salansar motarka

Masu sayar da salansa mai faɗin bututu sukan ce tana rage shan mai, tunda hayaƙi yana fita cikin sauƙi, amma ragin kaɗan ne. Idan bututun ya yi wa injin faɗi, saurin fitar hayaƙin yana raguwa, motar ta rasa ƙarfi wajen tashi, direba kuma ya ƙara danna totur, balle ma idan ƙarar tana yi masa daɗi. Kada ka bari a cire na'urar auna iskar oksijin, domin da ita kwamfutar motar take daidaita mai da iska. Ka cika tanki, ka rubuta kilomitocin da ya kai ka, kafin sauyin da bayansa.